Sitiyari a Hannuna, Mota a Hannun Allah

Wandon da na sa ranar Asabar har yanzu yana rataye a bayan ƙofa bai gama bushewa ba, amma gara in ba ku labarin da bakina tun kafin waɗanda suka ɗauka a waya su riga ni.

Akwai wani Bature da muke aiki tare a nan Ingila, mu kira shi Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis. Litinin zuwa Juma'a mutum ne mai hankali, yana gaban kwamfuta yana shan shayinsa. Asabar na yi sai ya ɗora wata tsohuwar Mazda MX-5 a tirela ya tafi tsere. Ba irin na su Lewis Hamilton da kuke kallo a talabijin ba. Wannan na masu sha'awa ne, likitan haƙori da mai gyaran famfo da hedimasta mai ritaya, kowa da guminsa yake biyan kuɗin shiga, ya sayi taya, ya sayi mai, in Allah ya ba shi sa'a ya zo na ɗaya a miƙa masa ɗan kofin da bai kai kuɗin man da ya ƙona ba. Rannan muna cin abincin rana ya ce yaron da ke taya shi aiki ya yi tafiya. Ni kuwa baki ya riga hankali, na ce ai wanda ya koyi tuƙi a Kano tsakanin 'yan adaidaita sahu, babu motar da za ta ba shi tsoro a duniya. Dogo ya ce madalla, in shirya tun kafin asuba.

Filin sunansa Cadwell Park, kusa da garin Louth a Lincolnshire. Duk wanda ya san Lincolnshire ya san ta da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gonakin dankali da kabeji iyakar ganinka. Amma da mutanen nan suka tashi fara tsere a 1934, ɗan yankin da ke da tudu da kwari suka samu suka shimfiɗa hanyarsu a kai. Zagaye ɗaya mil biyu ne da ɗoriya, hanyar siririya, tana hawa tana sauka tana kutsawa cikin itatuwa, akwai ma wani tudu da suke kira Mountain inda masu manyan babura ke tashi sama, tayoyi biyu duk ba a ƙasa ba. Wannan bai dame ni ba, tunda ba ni zan shiga ba. Abin da ya shafe ni shi ne zangon da ake sauka da motoci a bayan fili, wanda shi ma a gangare yake.

In ka taɓa shiga Panteka ta Kaduna da hantsi, cire rana ka sa yayyafi, ka ga zangon nan ke nan. Rumfunan tamfol a jere, tireloli, motocin da aka kwana a ciki, ƙafafun mutane suna leƙowa daga ƙarƙashin motoci, ƙarar guduma, warin fetur ya gauraye da ƙaurin naman alade da ake soyawa ko'ina, abin da ya sa na yini ina cewa na gode, na ƙoshi. Lasifika tana kiran lambobi, ba mai saurare. Rabin motocin wurin salatif ne ke riƙe da su. Duk wanda ya tsaya a rumfarka kuma maganarsa ɗaya ce, ko kuna da sifana mai lamba 10. Mutumin da zai nemi ture ka cikin ciyawa da azahar, shi ne da safe yake kwance ƙarƙashin motarka yana ɗaure maka salansa. Sabbin shiga ana gane su da baƙin gicciye a rawayen allo a bayan mota, ba a cirewa sai sun gama tsere shida lafiya. Masu taya aiki ba a manna musu irin wannan allo, kuma wannan babban giɓi ne a dokar.

Da sassafe ba a yarda a tayar da injin tsere ba saboda maƙwabta, don haka tura ta muka yi muka shiga layin masu bincike. Wani dattijo mai tabarau a kan hanci ya bi mota da kayan direbanta ɗaya bayan ɗaya. Ya duba tambarin hular kwano, ya duba rigar da wuta ba ta ci da wuri, ya karanta shekarar da bel ɗin kujera zai daina aiki, don su bel ma wa'adi gare shi, ya girgiza ƙarafan kejin da aka haɗa a ciki don kada mota ta murƙushe direba in ta kife. Daga nan ya nuna alamu biyu a gindin gilashin gaba. Ɗaya shuɗiyar alwatika ce da jar walƙiya a ciki, ta yanke wutar batir gaba ɗaya. Ɗayar jan harafin E ne cikin farar da'ira, ta kashe gobara. Kowacce tana da mariƙi a waje don masu ceto, da wani a ciki inda hannun direba zai kai. Dattijon ya dube ni ya ce na gane? Na gyaɗa kai da ƙarfi, gyaɗawar mutumin da ya koyi tuƙi a Kano.

Aiki uku Dogo ya ba ni, na karen mota sak. Na farko waigi, duk inda mota ta tsaya in cusa shi ƙarƙashin taya. Na biyu, da ya dawo daga fili in auna iskar tayoyi tun suna da zafi in rubuta. Na uku fil. Tukunyar kashe gobarar a ɗaure take a inda kujerar fasinja take a da, bututu sun fita daga jikinta, wasu sun nufi inji, wasu sun nufo direba. Wani ɗan fil mai jan ƙyalle ne ke hana ta tashi. In zai shiga fili in zare, in ya dawo in mayar. Na tambaya ko yaron da na gada ya daɗe yana wannan aiki. Dogo ya ce ɗansa ne, yana firamare.

A gefen rumfarmu akwai wani tsoho a kujerar naɗewa, da hular hana-salla da filas ɗin shayi. Ba shi da mota, ba shi da ɗa ko jika cikin masu tsere, ba wanda ya san wanda ya kawo shi, amma kowa ya san shi. Kafin in gama sauke tayoyi ya ba ni tarihin ƙungiyar 750 Motor Club, yadda aka kafa ta a 1939 don masu ƙananan motocin Austin 7, da yadda Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, a cikinta ya fara harhaɗa motocinsa. Ya ce ita kanta MX-5 ɗin nan da aka fara fitarwa a 1989, Lotus Elan Japanawa suka kalla suka ƙera ta. Duk abin da Baba mai shayi ya faɗa gaskiya ne. Cikas ɗinsa ɗaya, ba ya faɗa sai abu ya riga ya faru. Wani ya ƙona hannu a salansa, Baba ya ce, "Tana da zafi." Wani jak ɗinsa ya nutse cikin ciyawa, Baba ya ce, "An yi ruwa jiya."

Aka kira su gwajin neman layi, minti 15. Na zare fil na sa a aljihu. Na tsaya bakin shinge da agogo ina auna wa mutumina lokaci, ina murna yana wuta, sai da aka kusa tashi uwargidansa ta zo ta nuna mini cewa jar motar da nake bi ta wani ce. Dogo ya dawo, mota tana huci, tayoyi suna wari. Ina kai hannu zan ja masa hambirki ya daka mini tsawar da ta sa na rumfar gaba suka waigo.

"Kul! Kada ka taɓa hambirki!"

Wai birki ya ɗauki zafi, in ka ɗaure shi a haka takalmansa za su manne da faifai su lalata shi. Waigi kawai. Ya yi ta maimaitawa har maganar ta samu wuri a kaina ta zauna. Na sa waigi, na auna iska, na rubuta, uwargida ta miƙo mini shayi da biskit. Aiki biyu cikin uku, a makaranta ma an ci.

Can sai lasifika ta kira lambar Dogo, ana nemansa a ofis, na'urar da ke ƙirga masa zagaye ba ta aiki daidai. Yana tafiya yana cewa in ya dawo zai ɗaga mota ya duba birki, kuma ba a ɗaga mota a gangare, mu sauko da ita ƙasa kaɗan inda wuri ya daidaita. Ba sai an tayar ba. Ni in shiga in riƙe sitiyari, uwargida ta cire waigi. 'Yan taku ne kawai.

Na tsallake ƙarafan keji na faɗa ciki. Sitiyarin motar tsere cirewa ake yi don direba ya samu shiga da fita, nasa yana rataye a jikin keji. Na ɗauko, na kafa a kan sandarsa, na danna, ya zauna. Ashe akwai wani ƙas da ake jira a ji, ni kuwa ba wanda ya ba ni labarin ƙas. Kujerar kuma ba ta matsawa gaba ko baya, da noti aka ɗaure ta daidai tsawon ƙafar Dogo, mu kuwa a gidanmu ba a san mu da tsawo ba. Na nutse, hancina daidai da sitiyari, na miƙa ƙafa, babban yatsa ya shafi birki. Na ce ai ya isa. Na ɗaga hannu na ce, "Uwargida, cire!"

Mota ta motsa a hankali. Wurin da aka ce in tsaya ya zo, na danna da yatsa, birki bai san ana yi ba. In inji a kashe yake, abin da ke taya ƙafa danna birki shi ma hutu yake yi, sai ka taka da dukan ƙarfinka, ni kuwa dukan ƙarfina yana can sama, yatsa ɗaya ne ya samu isa wurin. Sai na zame ƙasa in ƙara tsawo, na kama sitiyari da hannu biyu na jawo shi don in samu madogara.

Ya taho.

Ko gardama bai yi ba. Na dube shi a hannuna, na dubi sandar da ya baro tsirara da 'yan haƙoranta, na dubi gaba. Gaba gangare ne, ƙarshen gangare akwai shuɗiyar rumfa, cikin rumfa akwai mutum da kaskon suya.

To jama'a, nan nake so ku tsaya tare da ni, don nan ne ke hana ni barci. Mai hankali in sitiyari ya fita a hannunsa, zai yar, ko ya yi ihu, ko ya yi tsalle ya fice, tunda motar ko rufi ba ta da shi. Ni sai na ci gaba da tuƙi. Na riƙe sitiyarin a gaban ƙirjina, hannu ɗaya dama ɗaya hagu yadda malamin tuƙi ke so, na murɗa shi hagu a cikin iska. Da na ga mota ba ta bi ba na ƙara murɗawa, har da karkata kafaɗa da leƙa gefe. Na mayar dama in ga ko can ta fi so. Na duba madubi. Wallahi na duba madubi, ko akwai mai son wuce ni. Har babban yatsana ya nemi wurin danna hon. Duk wannan a motar da ba ta da rufi, a tsakiyar zango, da hantsi, daidai lokacin da kowa ya fito daga ƙarƙashin motarsa zai sha shayi.

Kada kuma ku ɗauka gudu ake yi. Da gudu ne da an kira shi hatsari, a jajanta mini. Tafiyar ƙafa ce, ita ma ta wanda ba ya sauri. Wata 'yar yarinya riƙe da askirim ta jero da ni tana kallona, har ta ɗan wuce ni, ta tsaya ta jira.

Sai ga Baba mai shayi. Bai ruga ba. Ya miƙe, ya gyara hula, ya zo ya jera da ƙofata yana takawa, kofi a hannu, ko ɗigo bai zuba ba. Ya leƙo, ya dubi sitiyarin, ya dubi sandar, ya kurɓi shayi.

"Ɗana," in ji shi, "wannan a jikin mota ake barin sa."

"Baba, birki! Birki ba ya ci!"

"Ba zai ci ba, inji a kashe yake. Da ka tayar."

Na kifa sitiyarin a kan sanda ina dannawa yana zamewa, ina dannawa yana zamewa.

"A'a, ba haka ba. Akwai babban haƙori guda ɗaya, sai ya dace da gurbinsa. Juya a hankali. Abin ba ya son gaggawa."

"Baba, rumfa!"

Ya ɗaga kai ya duba. "E, rumfa ce. Ta likitan haƙori. Sabuwa ce ma, bana ya saya." Ya sake kurɓa. "A zamaninmu da noti ake ɗaure sitiyari, ba ya fita sai an kawo sifana."

Uwargida tana baya a guje da waigi a hannu tana ihun hambirki, hambirki. Na ji ta sarai. Hannuna na hagu ma ya tafi, har ya shafi sandar hambirkin, sai tsawar Dogo ta faɗo mini a ka. Birki ya daɗe da hucewa, amma ba wanda ya zo ya janye dokar, ni kuwa an yi mini tarbiyyar bin na gaba. Hannu ya fasa, ya yi gaba yana lalube, ya samu wani jan mariƙi a jikin dashbod, mai daɗin kamu, an yi shi daidai yatsu. Ja dai launin tsayawa ne a duk duniya. Akwai wani harafi a gefensa, amma ba lokacin karatu ba ne. Na ja da iyakar ƙarfina.

Da farko wani dogon tsaki na ji daga hagu, sannan sanyi. Waɗanda suka shimfiɗa bututun nan sun yi aikinsu tsakani da Allah. Sun auna inda cinyar Dogo ke zama, sun saita baki a wurin, kuma da yake na zame ƙasa, inda cinyar Dogo ke zama nan cikina yake. Farar kumfa ta buge ni a cibiya, ta gangara ta cika wando, ta cika kujera, ta fara neman aljihun riga. Wata kuma tana ɓulɓulowa ta gefen bonet, don inji ma an ba shi rabonsa. Tukunyar nan ba ta san a dakata ba, in an ja sai ta amayar da duk abin da ke cikinta. Na mayar da mariƙin ciki, na sake turawa, na dafe bakin bututu da tafin hannu, kumfa ta rabu biyar ta bi tsakanin yatsu ta same ni a fuska. Ɗaya hannun kuwa, kada ku manta, yana sama riƙe da sitiyari don kada ya jiƙe.

Baba ya ja baya taku ɗaya saboda takalminsa. Ya ce, "To, ko ba komai yanzu ba za ka ƙone ba."

Likitan haƙori ya ɗago kai ya ga mota tana nufo shi ba ƙarar inji, kumfa tana zuba ta ko'ina, a ciki wani baƙon ido ya ɗaga sitiyari sama. Ya yi abin da ya dace, ya ɗauke kaskonsa ya matsa gefe. Bamba ta ɗauki ƙafar rumfa ɗaya. Rumfar ta yi ɗan tunani, ta durƙusa, ta sauko ta lulluɓe ni. A cikin duhun tamfol na ji mota ta dafa tarin tayoyi ta tsaya, ko fitila ba ta fashe ba.

Daga waje na ji muryar Baba: "Ga shi ta tsaya."

Aka ɗage tamfol, fuskoki sun yi mini zobe. Wani cikin riga ruwan lemo, irin 'yan sa-kan da ke yini a bakin hanya da tutoci ba ko sisi, ya tambaya ko na ji ciwo. Na ce a'a. Ya ce to ko zan ba shi sitiyarin. Sai da ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Dogo ya zo yana ratsa mutane. Ya zagaya motar, ya shafa bamba, ya leƙa tukunya ya ga allurar ma'auninta ta kwanta. Sannan ya dube ni.

"Abokina, ina fil?"

Na sa hannu cikin aljihun da ya cika da kumfa, na zaro shi, jan ƙyallen yana ɗiga. Baba ya matso ya dube shi da kyau.

"Wannan," in ji shi, "a jikin tukunya ake barin sa."

Doka ba ta san dariya ba. Motar da tukunyarta ta zama fanko ba za ta shiga fili ba, ga lokacin kira yana matsowa. Na fara lissafin ɗaruruwan fam na kuɗin shiga da za su bi ruwa. Sai likitan haƙori, wanda rumfarsa ke kwance a ƙasa, ya ajiye kasko ya ce tasa motar giyabos ɗinta ya watse tun a gwaji, tukunyarsa kuma irin ta Dogo ce, a zo a kwance. Kafin in gama fita daga kujera mutane sun rufu a kan motar. Wannan ya kawo tawul, wancan ya kawo abin busar da gashi na matarsa, hedimasta yana goge wayoyin inji, mai gyaran famfo yana hura bututu. Wani daga ƙarƙashi ya tambaya ko akwai sifana mai lamba 10. Ƙafar rumfa aka yi mata ɗori da sandar jak da salatif. Dattijon mai tabarau ya zo ya sake bincike, ya sa hannu, ya dube ni ta saman tabarau, ya ƙwanƙwasa harafin E da bakin biro, ya tafi. Ni kuma aka ba ni aiki na huɗu, in zauna kusa da Baba, kada in taɓa komai.

Dogo ya yi tserensa. Daga kan tudun 'yan kallo muka ga ayarinsu yana hawa Mountain hanci da wutsiya, ya gama a tsakiya inda ya saba gamawa. Ya fito bayan rigarsa sharkaf, don soson kujera ya sha kumfa ya ƙoshi. Baba ya ce da an shimfiɗa leda. A zangon kuwa ba wanda ya sake gaishe ni da baki. In na gifta sai mutum ya ɗaga hannu biyu ya murɗa iska hagu da dama, har da duba madubi. Yarinyar mai askirim ta fi kowa iyawa.

Na ɗauka abin ya tsaya a kan waɗanda suka gani da ido. Ashe motocin nan ana ɗaura musu kyamara a bayan kafaɗar direba, don in an yi karo a fili alƙalai su ga mai laifi, Dogo kuwa bai kashe tasa ba tun gwajin safe. Da dare aka taru a rumfar likita, aka kafa kwamfuta a kan tarin tayoyin da suka tsayar da ni. Fuskata ba ta fito ba, alhamdulillahi. Hannuwa ne suka fito, hannuwan ƙwararre, suna murɗa sitiyari a tsanake, ga sandarsa can ƙasa ita kaɗai ba ta motsi. Shuɗiyar rumfa tana ƙara girma a hankali. Ana jin muryar Baba a natse. Ana kuma jin wata siririyar murya, wadda na rantse ba tawa ba ce, tana salati, sannan tana lallashin motar Japan da Hausa a tsakiyar Ingila: "Tsaya mana. Don Allah tsaya. Haba ke kuwa." Uwargida ta tambaya me nake cewa. Na ce addu'a ce.

Gaba ɗaya abin bai kai rabin minti ba, amma sai da aka raba dare ana mayarwa baya. Likita ya iya tsayar da hoto daidai inda na duba madubi, kuma duk lokacin da ya tsayar sai hedimasta ya faɗo daga kujera. Aka shiga muhawara kan abin da ya kamata in yi. Wannan ya ce da na jefa ta giya, wancan ya ce ai ƙafata ba za ta kai kuloci ba. Mai gyaran famfo ya ce da filaya a hannuna da na kama sandar na juya, aka ce masa wa ke shiga mota da filaya, ya zaro tasa daga aljihun baya. Wani ya ce da na yi tsalle, likita ya ce da na yi tsalle da ba wanda zai ja mariƙi, da ba a samu fim ba.

Ni kuwa akwai tambayar da ke cina tun rana. Na juya wajen Baba, na rusuna, na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Tun daga sama kana tafiya a gefena. Motar nan ba gudu take ba. Da ka dafa keji da hannu ɗaya ai da ta tsaya. Me ya hana?"

Ya dube ni da mamaki, ya ɗaga kofinsa ya nuna mini.

"Shayi ne a hannuna, ɗana."

"Ɗaya hannun fa, Baba?"

"Filas."

Jiya a ofis Dogo ya ajiye mini takardar kuɗin cika tukunya a kan tebur, ya ce tsere na gaba a Snetterton ne, can Norfolk, tsohon filin jiragen sama na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, in shirya. Na tambaya ko akwai gangare a can, ya ce babu. Na tambaya ko Baba mai shayi yana zuwa, ya ce bai taɓa fashi ba.